Kurakuran da matasa masu fafutukar kare bayanan jama'a suka fi yi a Kaduna

A Kaduna akwai matasa, ɗalibai da masu sana'ar kwamfuta, da suka ɗauki batun kare bayanan jama'a a intanet da muhimmanci, amma sau da yawa ƙoƙarinsu yakan tsaya a surutu saboda wasu kurakurai da gyaransu ba shi da wuya.

Na farko shi ne kiran a kafa doka alhali dokar tana nan. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ta ba mutum 'yancin tambayar kamfani abin da ya tara a kansa, da neman a gyara ko a goge, da janye amincewar da ya bayar tun farko. Saboda haka abin nema a yau shi ne aiwatarwa, kuma wanda ya je gaban ɗan majalisa bai san da wannan doka ba, da wuya a sake sauraronsa.

Kuskure mafi muni, a ganina, shi ne tona asirin wanda ake son karewa. Idan manhajar bayar da rance ta tura wa 'yan uwa da abokan wani saƙon cin mutunci, da hotonsa da lambar wayarsa, ana kiransa ɓarawo saboda bashin da bai taka kara ya karya ba, sai mai fafutuka ya ɗauki hoton saƙon yadda yake ya wallafa a Facebook domin nuna zalunci. Wanda dā danginsa kaɗai suka san yana da bashi, yanzu duk unguwa ta sani. Gyaran shi ne a nemi izinin mai abin tukuna, a rufe suna da fuska da lamba kafin a wallafa, sannan a adana asalin saƙon da kwanan watansa domin hukuma. Haka kuma takardar rajistar da ke yawo hannu zuwa hannu a tarukan wayar da kai, inda kowa ke rubuta suna da lamba da adireshi, wani lokaci har da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), daga baya a zuba mutane cikin zauren WhatsApp ba tare da an tambaye su ba. Taron wuni ɗaya ba ya buƙatar NIN ɗin kowa.

Akwai kuma kai ƙara inda ba a nan take ba. Ƙorafi kan tattara bayanai ko yaɗa su ba da izini ba na NDPC ne, cutar da mai hulɗa da kamfani kuwa na hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya (FCCPC) ne, wadda a watan Yuli na 2024 ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Ya fi kyau a fara rubuta wa kamfanin da kansa, a ajiye kwafin wasiƙar da amsarsa, domin ƙorafin da ke da hujja a rubuce shi ake ɗauka da nauyi.

Kiran "a rufe shafin sada zumunta" shi ma yana buƙatar hattara. An dakatar da Twitter a Nijeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kuma masu ƙananan sana'o'i da ke talla a can sun ji a jikinsu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida. Duk mai neman a tsaurara doka ya kamata ya fayyace wa za ta ɗaure, kamfanin da ke sayar da bayanai ko mai sukar gwamnati.

Saura batun masu sauraro. Yawancin tarukan ana yin su da Turanci a ɗakunan otal, alhali bayanan mutane sun fi zubewa a shagon buga takardu da ake barin kwafin katin ɗan ƙasa a kan tebur, da wurin mai POS da ake miƙa wa kati haɗe da lambar sirri. 'Yan kasuwar Barci da mazauna Rigasa da Tudun Wada sun fi buƙatar a same su a inda suke, ko ta gidan rediyo, a yi musu bayani da Hausa cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar da aka turo masa ta saƙon waya.