Yadda na gyara karatun jadawalin Google Trends

Dabino nake sayarwa ta intanet. Na duba Google Trends, shafin da ke nuna yadda mutane ke neman wata kalma a Google, na ga layin kalmar "dabino" ya taɓa 100, na ɗauka mutum ɗari kacal suka nema, har gwiwata ta yi sanyi. Ashe lambar awo ce daga 0 zuwa 100, kuma 100 na nufin lokacin da nema ya fi yawa a tsakanin kwanakin da ka zaɓa.

Sai na zaɓi Najeriya kaɗai, na faɗaɗa lokacin zuwa shekara 5. Nan tudun ya fito fili: kowane azumi yake tashi, yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Yanzu tun watan Sha'aban nake saro kaya.