Yadda Ake Noman Karas a Lambu

Kyawun karas tun daga kaftu yake farawa, domin abin da ake nema saiwa ce, saiwa kuwa ba ta miƙewa sai a ƙasa mai laushi. A kafce fangali zuwa zurfin santimita 30, a farfasa hoge, a tsince tsakuwa. Saiwar da ta ci karo da dutse rabuwa take yi gida biyu ko uku kamar yatsu, kuma mai saye ba ya waiwayarta. Ɗanyen taki ma yakan jawo wannan illa, saboda haka ruɓaɓɓe kaɗai ya kamata a zuba. Ƙasa mai yashi-yashi ce ta fi dacewa, amma idan laka ta yi yawa, gara a zaɓi gajeren iri irin Chantenay.

Ba a dashen karas. Inda aka shuka shi, nan zai zauna har cira. Da yake ƙwayar irin ƙanana ce ƙwarai, a gauraya ta da busasshen yashi, a zuba a layuka masu tazarar santimita 25 zuwa 30, a rufe da ƙasar da ba ta wuce santimita 1 ba. Tsirowa kan ɗauki mako 1 zuwa 3, kuma a wannan tsakani kada a bar saman ƙasa ya bushe ya yi ɓawo, domin ɗan tsiron ba shi da ƙarfin huda shi. Karas ya fi son lokacin sanyi.

Aikin da manoma da yawa ke jin nauyinsa shi ne ragewa. Tumɓuke lafiyayyen tsiro akwai ciwo, amma idan ba a bar santimita 5 tsakanin kowane biyu ba, sirara za a samu, a nannaɗe da juna. Ban-ruwa kuma ya zama a kai a kai, domin idan ƙasa ta bushe sannan aka kwarara mata ruwa, saiwar tsagewa take yi. Kan da ya leƙo waje a tura masa ƙasa, in ba haka ba rana za ta mayar da shi kore, ya yi ɗaci.

Yawancin iri kan isa cira cikin kwana 70 zuwa 90. A fara cire ɗaya ko biyu a duba kaurinsu. A jiƙa fangalin tun jajiberi, a sassauta ƙasar daga gefe, a kama gindin ganyen a ja a hankali. A yanke ganyen nan take, domin yana zuƙe ruwan saiwar ta yi yaushi, sannan a kai karas ɗin inuwa.