Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Nazarin Bidiyon Waƙa da Yadda Za a Gyara Su

Kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen ɗaliban aikin jarida da sauran masu sharhi a kan bidiyon waƙa shi ne ɗaukarsa tamkar gajeren fim. Sai ka ga manazarci ya cika shafi biyu yana ba da labarin abin da ya gani, wane ya shiga mota, wance ta juya baya tana kuka, alhali bai ce uffan ba game da kiɗan da dukkan hotunan suke tafiya a kansa. A fim, labari ne a gaba, kiɗa yana biye yana yi masa hidima. A bidiyon waƙa kuwa an riga an gama waƙar kafin a ɗauko kyamara, saboda haka hoton ne yake yi wa sauti biyayya. Wannan ne babban abin da masanin bidiyon waƙa Andrew Goodwin ya tsaya a kansa a littafinsa na 1992, inda ya soki masanan da suka auna bidiyoyin MTV, tashar talabijin ta waƙoƙi a Amurka, da ma'aunin fim, suka yanke hukunci cewa hotuna ne barkatai marasa tsari, domin kawai ba su saurari waƙar da take ɗaure hotunan ba.

Gyaran yana buƙatar haƙuri. A fara sauraren waƙar sau biyu ko uku ba tare da kallon allo ba, a rubuta zubinta: inda baiti ya fara, inda amshi ya shigo, inda kiɗa ya sauka ko ya ɗau zafi. Bayan haka sai a kalla, ana lura da daidai wurin da edita yake yanka hoto. Sau da yawa za a tarar cewa duk lokacin da amshi ya dawo, wuri ɗaya ko salon rawa ɗaya ake komawa, wanda yake nuna cewa maimaicin da ake gani a ido maimaicin waƙar ne. Masaniyar bidiyon waƙa Carol Vernallis, a littafinta na 2004, ta nuna cewa yankan hoto a bidiyon waƙa yakan fito fili da gangan, kuma labarinsa yakan zo a gutsure. Don haka wanda ya rubuta cewa darakta ya gaza saboda labarin bai kai ƙarshe ba, ya nemi abin da tun farko ba a yi masa alkawarinsa ba.

Daga nan sai kasalar cewa hoto ya dace da waƙa, a tsaya nan. Goodwin ya bambanta hanyoyi uku: hoto yana iya nuna abin da baitin ya faɗa kai tsaye, yana iya faɗaɗa ma'anarsa ya ƙara wani abin da mawaƙi bai furta ba, yana kuma iya saɓa masa. Wajibi ne manazarci ya faɗi wacce ce daga ciki, ya kawo baitin da hoton da ya zo tare da shi, da minti da daƙiƙar da abin ya faru. Idan mawaƙi yana waƙar murna ana nuna kango, kada a yi gaggawar kiran hakan kuskure, domin mai yiwuwa nan ne ma'anar bidiyon take.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne maganar nau'i, wato rukunin kiɗan da waƙa ta faɗa ciki, kamar hip-hop ko rok. An saba a ce bidiyon hip-hop yana zuwa da motoci, sarƙoƙi da gungun abokai, na rok kuma yana nuna makaɗa a kan dandamali da gitocinsu, sai ɗalibi ya haddace wannan ya riƙa duba bidiyo yana cewa akwai wannan, babu wancan. Abubuwan da aka saba gani a wani nau'i ba doka ba ce da wani ya kafa. Ɗabi'u ne da suka taru a hankali tsakanin mawaƙa, kamfanoni da masu kallo, kuma suna sauyawa. Masanin fim Steve Neale ya bayyana tun 1980 cewa nau'i yana rayuwa ne a kan maimaici da bambanci a tare: maimaici ne yake sa mai kallo ya gane abin da yake kallo, bambanci kuma shi yake hana shi gundura. Bidiyon da ƙungiyar hip-hop ta Run-DMC da ƙungiyar rok ta Aerosmith suka yi a 1986 misali ne da ya dace a riƙa koyarwa, domin an nuna 'yan hip-hop da 'yan rok a ɗakuna biyu da bango a tsakaninsu, har aka fasa bangon suka haɗu a dandamali ɗaya. Wanda ya tsaya ƙirga alamomin kowane nau'i ba zai ga cewa fasa bangon shi ne jigon ba. Tambayar da ta dace ita ce: me aka maimaita, me aka sauya, kuma me sauyin ya haifar?

Kuskuren yana ƙara muni idan aka ɗauko ma'aunin Amurka da Ingila aka ɗora wa waƙoƙin finafinan Hausa ba tare da gyara ba. Waƙar soyayya ta Kannywood tana da nata al'adun, waɗanda masana irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin suka danganta da tasirin finafinan Indiya: saurayi da budurwa suna musayar baiti, ana sauya kaya da wuri a tsakiyar waƙa, 'yan rawa suna baya cikin anko, masoyan kuma ba sa taɓa juna. Ga wani abu da ake yawan tsallakewa. Goodwin ya ce kamfani yana buƙatar a yawaita ɗaukar fuskar mawaƙi daga kusa domin a tallata shi, amma a waƙar fim jarumi ne yake mamin, mai muryar yana ɓoye. Ke nan fuskar da ake sayarwa ta ɗan wasa ce, kuma manazarcin da ya lura da wannan ya yi amfani da ra'in Goodwin fiye da wanda ya kwafe shi kalma da kalma.

Haka ake kwafe ra'in masaniyar fim Laura Mulvey ba tare da lura ba. Maƙalarta ta 1975 a kan finafinan Hollywood take magana, inda ta nuna yadda ake tsara kyamara domin mace ta zama abin kallon namiji. Ganin mace a bidiyo kaɗai bai isa hujjar kiran sunan Mulvey ba. A nuna inda kyamara take tsayawa a jikinta, a faɗi ko ita ce mai waƙar ko ado aka yi da ita, a kuma lura ko tana kallon kyamara ido cikin ido, abin da ba a cika yi a fim ba amma ya zama ruwan dare a bidiyon waƙa.

Sai mantawa da cewa bidiyon waƙa talla ne tun asalinsa. MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1981, da bidiyoyin da kamfanonin faifai suke bayarwa domin a sayi waƙoƙinsu, kuma a kan wannan duniyar ta talabijin Goodwin ya yi rubutu. YouTube bai zo ba sai 2005. Yau da yawan mutane a ƙaramin allon waya suke kallo, da yatsa a shirye ya wuce gaba, shi ya sa ya kamata kowane nazari ya faɗi shekarar da aka yi bidiyon, wanda ya biya kuɗinsa, da allon da aka yi shi dominsa, kafin a ɗora masa ra'in da aka gina a zamanin talabijin.