Yadda Ake Feshin Ruwan Sukari Domin Ƙarfafa Garkuwar Shuka

Masu bincike a Faransa sun gano cewa idan sukari ɗan kaɗan ya sauka a kan ganye, shuka takan ɗauke shi tamkar gargaɗi, sai ta ɗaura ɗamarar kare kanta tun kafin ɓarna ta iso. An fi gwada dabarar a gonakin tuffa, a kan tsutsar da ke huda 'ya'yan itacen, kuma a 2014 Tarayyar Turai ta amince da amfani da sukarin da ake sha da shayi wajen kare amfanin gona, sannan ta amince da furaktos, wato sukarin 'ya'yan itace, a 2015.

Matakin farko shi ne awo, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Giram 10 na sukari ake zubawa a lita 100 na ruwa, wanda ke nufin giram 2 kacal a tankin feshi mai lita 20. Tun da auna giram 2 yana da wuya ga wanda ba shi da ƙaramin sikeli, ya fi sauƙi a narkar da giram 10 a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sannan a ɗebi kashi ɗaya cikin biyar a zuba a kowane tanki. Kada a ƙara yawansa da tunanin zai fi aiki, domin ba ciyar da shukar ake yi ba, farkar da ita ake yi, kuma sukari idan ya yi yawa yana janyo tururuwa, ya kuma zama abincin ƙwayoyin cutar da ake gudu.

Kafin a zuba ruwan sukarin sai a wanke tanki sosai, a haɗa ruwan a ranar da za a fesa shi, kada ya kwana. A yi feshin da sassafe kafin rana ta ɗaga, a jiƙa ganyen sama da ƙasa.

Tun shuka na da lafiya ake farawa, a riƙa maimaitawa bayan kamar mako biyu zuwa uku, domin feshin yana rage ɓarna ne, ba ya warkar da gonar da cuta ta riga ta cinye.

A ganina, duk wanda zai gwada wannan a kan masara ko kayan lambu ya bar kunyoyi biyu ko uku ba tare da feshi ba, ranar girbi ya ƙidaya abin da ya lalace a kowane ɓangare kafin ya faɗaɗa aikin zuwa sauran gonar.