Layukan saiti masu fitila ko marasa fitila: inda masu sayen madubin bindiga ke yin kuskure

Kuskure na farko shi ne zaton cewa fitilar da ke cikin madubin saiti tana haska abin da ake bara. Ba ta yi. Aikinta kawai ta mayar da layukan saitin, wato siraran layukan da ake gani cikin madubin ana ɗora su a kan abin da za a harba, ja ko kore, don kada baƙin layi ya ɓace a jikin baƙin abu, kamar dabba mai duhun fata da ke tsaye a inuwar kurmi da magariba. Ganin abin kansa kuwa ya dogara ne ga ingancin gilashi da faɗin gilashin gaba. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba faɗin gilashin gaba da ƙarfin kusantarwa. Gilashi mai milimita 56 a kan kusantarwa sau 8 zai ba ido haske mai faɗin milimita 7. Mai milimita 50 a kan sau 25 kuwa milimita 2 kacal zai bayar, hoton ya dusashe. Idan duhu ya fara, ka rage kusantarwa kafin ka taɓa fitila.

Daga wannan kuskuren ne na biyu ke fitowa, wato murɗa fitila zuwa ƙarshe. Hasken sai ya yi ambaliya a cikin madubin, layin da yake siriri ya kumbura, ya rufe abin da kake son harbi. A mita 600, layin da ya kumbura kaɗan zai iya haɗiye farantin da ake gwada harbi a kansa gaba ɗaya. Ga shi kuma idonka ya saba da hasken da ke kusa, ya daina ganin abin da ke cikin duhu. Gyaran shi ne ka fara daga mataki mafi ƙanƙanta, ka ƙara ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya daidai inda layin ya fara bayyana. Tun wurin saye ka gwada matakan ƙasa a ɗaki mai duhu. Madubin da matakinsa na farko ma yake kashe ido ba shi da amfani da asuba. Mai haska ɗigon tsakiya kaɗai ya fi mai haska dukan zanen sauƙin sha'ani.

Na uku, mutane kan manta su tambayi inda aka ɗora layukan. A madubin da aka rubuta wa FFP, wato wanda layukansa ke gaban gilasan kusantarwa, layukan suna girma tare da hoton, suna kuma ƙanƙancewa tare da shi, don haka ma'auninsu daidai yake a kowace kusantarwa. Illarsa ita ce idan ka sauko zuwa sau 4 ko 5, sai su zama kamar zaren gizo-gizo. Nan ne fitila take da amfani na gaske. A mai SFP kuwa, wanda layukansa ke bayan gilasan kusantarwa, kaurin layin ba ya canzawa, ana ganinsa sarai ko ba fitila, sai dai ma'auninsa yana aiki ne a kusantarwa ɗaya tak, galibi mafi girma. Wanda ya manta da haka ya yi lissafin faɗuwar harsashi a rabin kusantarwa, to gyaran da ya yi ya ninka biyu.

Akwai kuma masu gudun fitila don tsoron mutuwar batir. Tsoron ya wuce kima. Yawancin irin waɗannan maduban an zana layukansu ne a jikin gilashi, ko batir ya mutu suna nan baƙaƙe. Batirin da aka fi sakawa shi ne CR2032 mai bol 3. Sanyi mai tsanani yana rage masa ƙarfi, mantuwa a bar shi a kunne kuma ita ta fi cinye shi. Ka riƙe na ko-ta-kwana, ka cire na cikin madubin idan za ka ajiye bindiga na watanni, ka kuma zaɓi maballin fitilar da ke da wurin kashewa a tsakanin kowane mataki biyu.

Idan layukan suna yi maka dishi-dishi, kada ka yi saurin zargin fitilar. Ka nufi sararin sama nesa da rana, ko farin bango, ka leƙa na daƙiƙa biyu, ka kau da kai, ka murɗa zoben gilashin ido, ka sake leƙawa, har layin ya fito tas da kallon farko. Dogon kallo yana sa ido ya gyara da kansa ya yaudare ka.

Wani abin da ya fi batun fitila muhimmanci, amma ake tsallake shi: ma'aunin layuka da na maballan daidaitawa su zama iri ɗaya. Ma'aunai biyu aka fi amfani da su, Mil da MOA: Mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, MOA ɗaya kuwa kusan santimita 2.9 ne. Haɗa biyun a madubi ɗaya jawo wa kai lissafi ne a lokacin da iska ba za ta jira ka ba.

Wanda harbinsa na rana ne, a fili, a kan farin allo, gara ya zuba kuɗin fitilar a gilashi mafi kyau da maballan daidaitawa da ke komawa sifili, wato saitin farko, daidai. Mafarauci na asuba da magariba, musamman mai FFP, shi ya kamata ya biya kuɗinta, bayan ya duba dokar farauta ta inda yake, domin wasu wuraren sun taƙaita na'urorin lantarki a jikin bindiga.