Yadda za ka bibiyi ranar zaman shari'arka a Babbar Kotun Tarayya ta Kaduna

Masu tambaya sun yi yawa, to ga matakan.

1. Rubuta lambar ƙararka. Ta Kaduna da FHC/KD take farawa.
2. Kai ta ofishin rajistara.
3. Tambaya gaban wane alƙali shari'ar take.
4. Karɓi ranar zama a rubuce.
5. Tabbatar an kai wa abokin shari'arka takardar sanarwa.

Hattara, nan aka fi tuntuɓe. In babu shaidar kaiwa cikin fayil, yawanci ɗage zaman ake yi, ka yi asarar kuɗin mota da yini guda.

6. Ranar zama, iso kafin ƙarfe 9 na safe.
7. Duba lambarka a jerin shari'o'in ranar.
8. In an ɗage, rubuta sabuwar rana nan take, kafin lauyanka ya fita.