Yadda Za Ka Auna Cinikin Kulob Mai Fama da Bashi Kafin Ka Shiga Gardama a Kansa

Duk wanda ya saba zama a gidan kallo, ko a teburin mai shayi bayan an tashi daga wasa, ya san yadda gardama take kasancewa idan kulob ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wannan ya ce a kori koci, wancan ya ce a sayar wa attajirin Larabawa kamar yadda aka yi wa Newcastle a 2021, na uku kuma ya lissafo 'yan wasa biyar da za a saya a watan Janairu kamar daga aljihunsa za a biya. Da wuya ka ji wanda ya tambayi daga ina kuɗin zai fito, ko nawa ake bin kulob ɗin, alhali kuwa sauran maganganun duka a kan amsar waɗannan tambayoyin suka dogara. Zan bi da kai hanyar da ya kamata a bi, ina kafa misali da abin da ya faru da Everton daga 2016 zuwa 2025. Kulob ne da ba baƙo ba a wurinmu, domin ɗan Kaduna Daniel Amokachi ya zura wa Tottenham ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1995, shekarar da kulob ɗin ya ɗauki kofin, kuma bayansa Joseph Yobo da Yakubu Aiyegbeni da Alex Iwobi duk sun sa rigar.

Ka fara da fahimtar abin da ake sayarwa. Wanda ya sayi kulob hannun jarin kamfani ya saya, kuma kamfanin yana zuwa masa da duk bashin da ke wuyansa, da albashin da aka yi wa 'yan wasa alkawari, da ragowar kuɗin cinikin 'yan wasan da ba a gama biya ba. Attajiri Farhad Moshiri ya shiga Everton a Fabrairun 2016 da kashi 49.9 cikin ɗari, daga baya ya kai kashi 94.1. Lokacin da ya so fita, abin da ya fi wahalar da cinikin shi ne tarin basussukan da aka ciwo daga wurare daban-daban, mafi yawa domin gina sabon fili a Bramley-Moore Dock. Saboda haka idan ka ji an ce an yi wa kulob tayin fam miliyan kaza, ka tambaya nawa ne daga ciki zai shiga aljihun mai sayarwa, nawa zai tafi ga masu bin bashi, nawa kuma zai rage a asusun kulob. Kaso na uku ne kaɗai yake sayen ɗan wasa, kuma sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta.

Daga nan sai ka nemi rahoton kuɗin kulob na shekara. Kowane kamfani a Birtaniya dole ne ya miƙa rahotonsa ga hukumar rajistar kamfanoni mai suna Companies House, kuma ana iya sauke shi kyauta a intanet. Yawan shafukansa kada ya tsorata ka, domin ba sai ka zama akanta ba. Ka nemo jimillar kuɗin shiga, ka nemo jimillar albashi, ka raba na biyu da na farko. Idan albashi ya cinye kashi 70 cikin ɗari na abin da ke shigowa, an fara kai wa gaɓa. Na Everton kuwa ya kai kashi 90, har ya haura a wasu shekaru, wato kusan duk abin da aka samu daga talabijin da tikiti da masu talla ya ƙare kafin a biya wutar lantarki. Sai ka duba asarar shekara: kusan fam miliyan 112 a 2018/19, kusan 140 a 2019/20, kusan 121 a 2020/21. Annobar korona tana da nata kason a shekaru biyun ƙarshe, amma asarar ta riga ta zuwa. Ka kuma duba su wane ne masu tallan. Everton ta dogara sosai da kamfanonin da ke da alaƙa da Alisher Usmanov, attajirin Rasha kuma abokin kasuwancin Moshiri, wanda kamfaninsa USM ya sa sunansa a filin atisaye na Finch Farm. Da Rasha ta mamaye Yukiren, kulob ɗin ya dakatar da waɗannan yarjejeniyoyi a Maris 2022, wannan ƙofar kuɗi ta rufe dare ɗaya.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka zauna ka fahimta da kyau, domin rashin saninsa ne ke sa magoya baya zagin shugabanni a inda ba su da laifi, su kuma yabe su a inda suka yi ɓarna. Idan kulob ya sayi ɗan wasa a kan fam miliyan 40 da kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta miliyan 40 ɗin gaba ɗaya a shekarar farko. Ana rarraba shi ne, miliyan 8 kowace shekara. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi ta zama miliyan 24, don haka idan aka sayar da shi a kan miliyan 20, an yi asarar miliyan 4, ko da kuwa an ga kuɗi sun shigo. Yaron da kulob ya raina tun daga makarantarsa ta yara kuwa ba shi da wata daraja a littafi, saboda ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka samu a kansa riba ce tsantsa a shekarar. Wannan ne ya sa kulob mai matsala yake sayar da 'ya'yansa na gida ya riƙe tsofaffin da suka gaza, kuma da wannan idon ya kamata a kalli tafiyar Anthony Gordon zuwa Newcastle a Janairun 2023 a kan sama da fam miliyan 40. Haka nan ka lura da kwanan wata. Shekarar lissafin Everton tana ƙarewa ne ranar 30 ga Yuni, kuma a daidai wannan gaɓar aka ƙulla cinikin Richarlison zuwa Tottenham a 2022. Mai saye ya san kana cikin matsi, kuma a kasuwar Kurmi ma mun san yadda ake taya kayan wanda ya matsu.

Bayan wannan sai ka san dokar kuɗi da hukumar gasa take aiki da ita a lokacin da kake magana, domin tana sauyawa. A zamanin da Everton ta shiga matsala, dokar Firimiya ta yarda kulob ya yi asarar da ba ta wuce fam miliyan 105 ba a cikin shekara uku, bayan an cire abin da aka kashe a kan yara da ƙwallon mata da ayyukan al'umma da makamantansu. Kwamitin da ya saurari ƙarar ya samu cewa asarar Everton ta kai miliyan 124.5, wato ta zarce da miliyan 19.5, sai aka zare mata maki 10 a Nuwamban 2023. Ta ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 6 a Fabrairun 2024, sannan aka sake zare mata 2 a Afrilu a kan wata shekarar lissafi. Nottingham Forest ma ta rasa maki 4 a kakar. Abin lura shi ne, arzikin mai kulob ba ya ɗage wannan iyaka. Wanda ya ce maka sabon attajiri zai zo ya zuba fam miliyan 300 a kasuwa a bazara ɗaya, ka tambaye shi da wane kuɗin shiga za a rufe ramin.

Yanzu mu zo kan masu son saye, inda a ganina darasin ya fi yawa. A Satumban 2023 Moshiri ya amince ya sayar wa kamfanin 777 Partners na Miami a Amurka. A takarda abin ya yi kyau, domin kamfanin yana da Genoa a Italiya, da Standard Liège a Beljiyam, da Vasco da Gama a Burazil, da Hertha Berlin a Jamus. Amma watanni suka yi ta wucewa hukumar Firimiya ba ta sa hannu ba, kuma a tsawon lokacin kamfanin yana ba Everton rancen kuɗin gudanar da harkoki, har ya kai kusan fam miliyan 200. Wasu magoya baya sun ɗauki wannan a matsayin alamar ƙarfi, alhali ƙarin kaya ne aka ɗora wa jakin da ya riga ya durƙusa. Hukumar ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da mayar da rancen ya zama hannun jari da biyan wani bashin da ake bin kulob, kamfanin bai cika su ba. Kamfanin jiragen sama na Bonza da yake da shi a Ostireliya ya durƙushe a Afrilun 2024, aka kuma shigar da ƙara a kansa a New York, wa'adin cinikin ya ƙare a ƙarshen Mayu. Tambayar da za ka riƙa yi ke nan a kan kowane mai saye: kuɗinsa ne zai zuba a matsayin jari, ko rance zai ba kulob da ruwa a kai, ko kuwa rance zai ciwo ya jingina kulob ɗin, kamar yadda iyalan Glazer suka yi da Manchester United a 2005?

Attajirin Amurka John Textor ya biyo baya, amma a lokacin yana riƙe da fiye da kashi 40 na Crystal Palace, kuma doka ba ta barin mutum ya riƙe kulob biyu a gasar, don haka maganarsa ba ta yi nisa ba. Wanda ya saya a ƙarshe shi ne kamfanin Dan Friedkin, attajirin Texas mai dillancin motocin Toyota, wanda ya fara tattaunawa ya janye a Yulin 2024, ya dawo a Satumba, aka kammala a ranar 19 ga Disamba. Shi ma kafin ka yi masa tafi, ka leƙa inda ya taɓa riƙewa. Ya sayi Roma a 2020, ya kawo José Mourinho wanda ya ci masa kofin Turai na Conference League a 2022, amma a cikin 2024 kaɗai ya sallami Mourinho da Daniele De Rossi da Ivan Jurić. Wannan yana nuna maka mutum mai kuɗi na gaske, wanda kuma ba ya jinkirin kora.

Sai a nan ne maganar koci ta dace, kuma da gangan na ajiye ta a baya. A zamanin Moshiri an yi Roberto Martínez, da Ronald Koeman, da Sam Allardyce, da Marco Silva, da Carlo Ancelotti, da Rafael Benítez, da Frank Lampard, da Sean Dyche. Kowannensu da salonsa, kowanne ya nemi 'yan wasan da suka dace da shi, kuma kowanne da aka kora sai an biya shi diyya, wadda ita ma take shiga lissafin asara. Abin da ya faru a Janairun 2022 ya isa misali. Ɗan baya na hagu Lucas Digne ya samu saɓani da Benítez, aka sayar da shi ga Aston Villa domin a mara wa koci baya, kwana uku kacal bayan haka aka kori Benítez ɗin. Daraktan wasanni Marcel Brands kuwa ya riga ya tafi tun a Disamba. Ba koci, ba darakta, ba Digne.

Don haka idan ana jero sunayen kociyoyi, ka auna kowanne da 'yan wasan da ke ƙasa da kuɗin da ke hannu, ka bar sunan da ya yi a wani wuri. Ka tambaya ko ya taɓa riƙe kulob ba tare da kuɗin saye ba, ko yana da kwantiragi a wani kulob da sai an biya kafin a ɗauke shi, da kuma wanda zai riƙa zaɓen 'yan wasa tsakaninsa da darakta. Mutane da yawa sun tsani ƙwallon Dyche, ni ma ban cika jin daɗin kallonta ba, amma adalci ya sa a faɗi abin da ya yi. Ya karɓi kulob a Janairun 2023, ya tsirar da shi daga faɗuwa a ranar ƙarshe da ƙwallon Abdoulaye Doucouré a ragar Bournemouth, sannan a kaka ta gaba ya tara maki 48 a fili, aka zare 8, ya gama a na 15. Da ƙwallaye suka ƙafe, sababbin masu kulob suka sallame shi ranar 9 ga Janairun 2025, sa'o'i kaɗan kafin wasan kofin FA da Peterborough. Ba su nemi mai sabon salo ba, David Moyes suka dawo da shi, wanda ya riƙe kulob ɗin daga 2002 zuwa 2013 da ɗan abin hannu, kuma ya gama kakar a na 13. Faɗuwa daga Firimiya a daidai lokacin ƙaura zuwa sabon fili da ta rushe dukan lissafin, kuma wannan ne ya yanke hukunci a kan irin kocin da za a ɗauka.

Everton ta bar Goodison Park, inda take wasa tun 1892, ta koma filin da ke ɗaukar mutum sama da 52,000 a kakar 2025/26. Idan kana son sanin ko cinikin ya yi amfani, rahoton shekarar da ke ƙarewa 30 ga Yunin 2026 shi za ka nema. Ka buɗe shi ka duba nawa tikiti da masu talla suka ƙaru, ka duba kuɗin ruwan da ake biya a kan bashin filin, sannan ka sake raba albashi da kuɗin shiga ka ga yadda ya yi nisa da kashi 90 na waɗancan shekarun.